Ɗakin da ba ya cikin littafina

Ni uwar adashi ce. Ina sayar da atamfa da kayan yara a cikin gida, amma idan ka shigo unguwarmu ka ce a kai ka gidan mai atamfa, yara za su tsaya suna kallonka. Ka ce gidan adashi, ko ɗan yaye zai nuna maka ƙofa. Daga uwar mijina na gaji abin, Allah ya jiƙanta. Ita ba ta taɓa riƙe biro ba, da gawayi take jan layi a bangon ɗaka, sauran kuma yana cikin kanta. Ni da na ɗan zauna a aji sai na mayar da shi littafi.

Mai riƙon adashi tana sanin abin da ko mai unguwa bai sani ba. Idan zubin mace ya fara makara, na san aikin mijinta ya tsaya tun kafin ta buɗe baki. Idan ta ce in ajiye mata kwasar wata kaza, na ƙirga na san haihuwa ce ko aurar da 'ya. Na san gidan da ke da tsohuwa a ɗakin ƙurya, na san gidan da maigida ke kwana a kasuwa. Shekara da shekaru ina ɗaukar wannan sanin a matsayin sirrin mutane da aka ba ni amana, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana rai zai rataya a kansa ba.

A cikin birnin Katsina aka haife ni, ba nisa da Hasumiyar Gobarau. Gidajenmu na jar ƙasa ne, lungu ya shiga lungu, katangar wannan ita ce ta wancan. Ina tuna idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai a yi shela daga gidan mai unguwa cewa ranar kaza akwai gayya. Samari su fito da shebur da kwanduna su kwashe kwata, magina su hau soraye su yi yaɓe, a gyara indararo, mata su dama fura su aika. Gidan gwauruwa da gidan tsoho shi ake fara yi, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba: in katangarta ta jiƙe ta faɗi, ɗakinka take faɗo wa. A bayan unguwa akwai kududdufi, ramin da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidajen. Ba zan yi masa ado ba, wari gare shi, sauro gare shi, kuma iyayenmu sun sha dukanmu a kan zuwa bakinsa. Sai dai duk ruwan da ya sauko daga indararon unguwa can yake tafiya ya kwanta, mu kuma mu yi barcinmu.

Ina 'yar yarinya aka ba Katsina jiha a 1987. Tun daga lokacin garin ya tsallake ganuwa ya yi ta tafiya. Bayan aurena da wasu shekaru muka tashi daga gidan gado muka koma wata sabuwar unguwa a wajen ganuwa, inda a da gonakin gero ne. A nan kowa baƙo ne. Ga ma'aikata, ga 'yan kasuwa, ga mutanen Funtuwa da Malumfashi da Daura, ga na Maraɗi, ga Yarbawa da Ibo masu shaguna. Kowa ya zagaye filinsa da bulo ya sa get na ƙarfe. An yanka fuloti, ba a yanka wa ruwa hanya ba. Akwai wani kududdufi a gangaren unguwar, muna kallo aka riƙa cika shi da bola da ɓaraguzai, ana sayarwa ɗaki ɗaya ɗaki biyu. Uwar mijina kan ce ruwa ba ya mance gidansa. Mu dai muna jin ta ne kawai, maganar tsofaffi.

Abin da ya farkar da mu shi ne Jibiya. A tsakiyar watan Yuli na 2018 ruwa ya sauka cikin dare, ya ci mutum fiye da 40, ya rushe gidaje masu yawa. Maigidana yana da abokan ciniki a can, ya je ta'aziyya, ya dawo ya kasa cin tuwo. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ake neman mutane ba a ma san su nawa ake nema ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya maza suka zauna a masallacin unguwa, suka kafa kwamiti, suka yanka wa kowane gida kuɗin gyaran magudanar ruwa. Wata biyu abin ya yi ya mutu. Mai karɓa ya je gida a ce maigida ya fita, ya koma a ce bai dawo ba, wanda aka samu kuma ya ce sai ya ga abin da aka yi da na watan jiya.

Sai mai unguwa ya zo zaure ya sami maigidana, ya ce: "Alhaji, a roƙa mana Hajiya. Mata ba sa tsallake zubi."

Haka aka yi. Na ɗora naira 50 a kan kowane zubi, muka sa mata suna kuɗin kwata. Da su aka sayi shebur da diga da baro biyu da buhunan da za a cika da yashi. Samari suka riƙa fitowa ranar Asabar, kuma abin da suke zaƙulowa daga kwalbatin bakin titi sai wanda ya gani: ledar ruwa, ledar baƙa, robar lemo, tsumma, har da katifa. Mai unguwa ya ƙara roƙona in rubuta a bayan littafin yawan mutanen da ke kwana a kowane gida. Na rubuta. Da korona ta zo a 2020, aka fara rufe Daura sannan aka rufe mu, ga azumi ya kama, da wannan lissafin aka raba geron da masu hali suka tara. Ba gidan da ya ce an tsallake shi. Har na fara jin kaina, ina ganin unguwa tana tafin hannuna.

A wannan tsakanin ne mutanen ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana suka riƙa shigowa gari suna gudun 'yan bindiga. Wanda yake da dangi ya sauka wurin dangi, wanda ba shi da kowa ya nemi kango. A can gangare, daidai inda kududdufin nan yake a da, akwai wani gini da mai shi ya kai linta kuɗi suka ƙare. Wata mata ta shiga da 'ya'yanta uku da uwar mijinta makauniya. Sun rufa kwano a kan ɗaki ɗaya, suka tare ƙofar tsakiya da tubalin laka. Mijin ba ya tare da su, ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Wankau take yi da surfe, kusan duk gidajen layinmu ta shiga.

Wata ranar zubi ta shigo da sallama, ta durƙusa daga bakin tabarma, ta kwance bakin zanenta ta fito da naira 100. Ta ce tana so in sa ta a ƙaramin adashi. Na ce mata ƙa'idarmu sai da wadda za ta tsaya wa mutum. Ta ce: "Hajiya, ko a ƙarshen kwasa ki sa ni."

Duk wadda ta san adashi ta san abin da wannan maganar take nufi. Mai kwasar ƙarshe ba ta iya cutar kowa, ita ce ma take ba kowa bashi, don sai ta gama zuba nata duka kafin ta karɓi ko sisi. Na san haka sarai. Amma na tuna surutun da matan za su yi, cewa na fara kwaso 'yan gudun hijira, ba a san asalinsu ba, wa ya sani ko masu kai rahoto ne. Na ce mata ta bari sai wani zagayen. Ta ɗaure kuɗinta, ta yi godiya, ta tafi. Tunda ba ta shiga adashi ba, ba ta shiga bayan littafi ba.

Malka ta kama a watan Agusta na 2020. Kwana biyu ana yayyafi ƙasa ta ƙoshi, a dare na uku bayan isha'i sai aka tsuge. Tun ina jin ƙarar ruwa a kan kwano har na fara jin wata ƙara daban, ta ƙasa, kamar ana jan buhu a tsakar gida. Na sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa. Babu wuta. Can sai muka ji ladan a lasifikar masallaci, wadda ke aiki da batir, ba kiran salla yake ba, cewa yake kowa ya tashi, a fitar da mata da yara zuwa makarantar Islamiyya da ke kan tudu.

Abin da samarin nan suka yi a daren ba zan mance ba. Sun san kwalbatin kamar ɗakinsu, don su suke shiga cikinsa duk Asabar. Wasu suka tafi can da diga da igiya, ɗaya ya ɗaure ƙugunsa ya shiga, sauran suna riƙe da shi, yana fizgo abin da ruwa ya tara a bakin. Wasu suka bi gida gida da buhunan yashi. Inda ruwa ya taru a tsakar gida ya rasa mafita, suka fasa gindin katanga ya wuce, don in aka bar shi ya kwanta jikin bango, bangon ne zai tafi. Wani malamin makaranta da ko gaisuwa ba ta cika haɗa shi da mutane ba, shi na gani da tsohuwar maƙwabcinsa a baya.

A Islamiyya na buɗe littafi, wata yarinya ta haska mini da waya. Na riƙa kira gida gida. Gidan wane, mutum tara. A ƙirga, a ce sun cika. Gidan wance, mutum biyar, ɗaya yana wurin kwalbati. Haka har shafin ƙarshe. Na rufe littafi na ce wa mai unguwa: "Ranka ya daɗe, kowa ya fito." Ya ce alhamdu lillahi, mata suka fara shimfiɗa wa yara zannuwa.

Sai wani almajiri da ke rakuɓe a bakin ƙofa yana rawar sanyi ya ce: "Hajiya, mutanen kango fa?"

Shi ma ba ya cikin littafin. Ashe matar nan, da ɗan abin da take samowa daga wankau, takan rage masa tuwo a kwanonsa, shi ya sa ya san inda take kwana.

Ban san lokacin da na bi bayan samarin ba, sai da ruwa ya kai mini gwiwa wani ya riƙe ni ya ce in tsaya. Su suka ba ni labarin yadda suka same su. Tana tsaye a kan tarin bulo, ruwa har ƙugu, ƙaramin a goye, na tsakiya a kafaɗa, babbar ta rungume ta. Tubalin lakar nan da suka tare ƙofa da shi ya jiƙe ya rufto a kan ƙafar tsohuwar, tana zaune ruwa a ƙirji, matar ta riƙe mata hannu ɗaya don kada ta kwanta. Ta yi ta ihu tun farkon dare. Ƙarar ruwa a kan kwano ta shanye muryar, kuma ba ta da lambar kowa, ko da tana da waya. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko tsohuwar. Ƙafar ta karye. Ta rayu har bazarar da ta biyo baya, amma ba ta sake takawa ba.

Da gari ya waye na same ta a kusurwar aji tana matse zanen yaranta. Na zauna kusa da ita na rasa ta inda zan fara. Ita ce ta riga ni, ta ce: "Ba kome Hajiya, ai ba ki sani ba." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi, don na sani. Ranar da ta kwance bakin zanenta a gabana na san inda take kwana, na san su nawa ne.

A makon nan na sayi littafi na biyu. Wannan babu ruwansa da kuɗi. Duk wanda yake kwana a unguwar yana ciki: ɗan haya, mai gadi, almajiran da ke kwana a zaure, 'yan ga-ruwa da ke ajiye kurarsu a bayan masallaci, mutanen kangaye. Gaban kowane gida muna rubuta in akwai tsoho, ko mai ciki, ko marar lafiya, da ɗakin da yake. Na ɗauka kowa zai yi murna. Ina! Wasu suka ce na 'yan siyasa ne, ana shirin zaɓe. Wasu suka ce haraji za a kawo. Wasu kuma da suka ji ƙamshin tallafi, gidan mutum shida ya zama sha biyu, sai da na riƙa aika yara su ƙirgo takalma. Mutanen kangaye kuwa tsoro suka ji, sun ɗauka korarsu za a yi. Ba su buɗe baki ba sai da matar nan ta shiga gaba, ta riƙa yi musu magana da irin harshensu na ƙauye.

Akwai wani mai hali a layinmu da ya ce iyalinsa ba abin rubutawa ba ne. Wannan haƙƙinsa ne, ban ja ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne bayan ruwan ya kawo tifa ya ɗaga ƙofar gidansa da kankare, ya toshe 'yar hanyar da ruwa ke bi, duk ya koma gidajen da ke ƙasa da shi. An kai magana gaban mai unguwa, an wuce gaba, da ƙyar ya yarda aka sa bututu a ƙarƙashi, shi ma ƙarami. Har yau in an yi ruwa mai ƙarfi gidaje uku ne ke kwana suna kwarfa. Haka nan cikin samarinmu akwai wanda ya sayar da shebur biyu ya ce an sace. Unguwa ba aljanna ba ce, kuma mai riƙe mata littafi shi ya fi kowa shan zagi.

Ban san nawa juyin yana tafe ba. Safiyar Litinin 22 ga Maris 2021 wuta ta kama babbar kasuwar Katsina. Saura kamar mako uku azumi, maigidana ya zuba duk abin da yake da shi, har da na aro, a shadda da atamfar Salla. Ko ƙyalle bai fitar ba. Ba mu da inshora, kamar yawancin waɗanda ke layinsu. Ya dawo gida da toka a gemu ya shiga ɗaka ya rufe.

Ban roƙi kowa ba, kunya ba za ta bar ni ba. Mata uku da kwasarsu ke gaba suka zo da kansu suka ce in ɗauka, su koma bayana. Ta huɗu ta ce ita ba za ta iya ba, bikin 'yarta ya matso, kuma gaskiyarta ce, ban riƙe ta a rai ba. Wani abokin maigidana da wutar ba ta kai shagonsa ba ya ba shi gefen tebur. Ubangidansa na Kantin Kwari a Kano ya aiko da kaya bashi, ba takarda, sai shekarun da suka yi suna ciniki. Ita kuwa matar kango, wadda a lokacin na sa ta a adashi kuma ita ta zaɓi ƙarshen kwasa da bakinta, kullum dab da shan ruwa sai ga babbar 'yarta da ɗan kwanon kunu a rufe da faifai. Azumi talatin ba ta tsallake ba. Maigidana bai san daga inda yake fitowa ba sai ranar Salla, kuma da na faɗa masa bai ce kome ba, ya dai tashi ya fita.

Daga nan littafin ya yi ta samun aikin da ban yi masa shi ba. Da amai da gudawa ya ɓarke a daminar 2021, shi ya nuna mana gidajen da ke shan rijiya ɗaya, aka bi su da bayanin tafasa ruwa da haɗin gishiri da sukari, aka riƙa gaggawar kai wanda ya kwanta asibiti. Da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a watan Satumba na shekarar, mutanen kangaye suka rasa labarin 'yan'uwansu, sai direbobin unguwa masu bin hanyoyin suka zama wayarsu. Da canjin kuɗi ya zo a farkon 2023, takardar naira ta ɓace, mai shago da mai niƙa da ɗan ga-ruwa suka yarda su ba duk wanda ke cikin littafin bashi, ni in rubuta. Mutum biyu ne kawai ba su biya ba, ɗaya kuma rasuwa ya yi.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to ai talakawa sun iya da kansu, a ƙyale su. Shebur ba ya haƙa babbar magudanar da za ta ɗauke ruwan unguwa guda, kuma naira hamsin hamsin ba ta sayen motar kashe gobara. Abin da muke iyawa shi ne mu riƙe juna daga lokacin da abu ya faru zuwa lokacin da taimako zai iso, in zai iso, kuma wannan tsakanin shi ne inda ake mutuwa. Mun rubuta takarda kan magudanar, mai unguwa ya sa hannu, mun kai inda ya kamata fiye da sau ɗaya. Ɗan abin da ya rage na kududdufin ma bana na ga an kafa masa turaku.

Matar nan yanzu tana haya a ɗaki ɗaya a saman layi, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ta iya rubutu ba, amma littafi na biyu a kanta yake, kamar yadda adashi yake a kan uwar mijina. Ita take zagayawa, jikata ta rubuta. Makon jiya wasu sababbin baƙi suka sauka a kangon da ta bari, mai shi har yanzu bai wuce linta ba. Na zuba tuwo na ba ta ta kai. Ta daɗe ba ta dawo ba, sai bayan magariba ta shigo ta ajiye kwanon, ta ce wa jikata ta ɗauko biro.

"Su shida ne," in ji ta. "Akwai tsoho a ɗakin hannun dama. Ki rubuta ba ya jin kira, sai an shiga an taɓa shi."